Ƙalbul Aƙrabi: Tarihin Jan Tauraron da ke Kudu da Unguwarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Gabatarwa

Dalilin wannan rubutu wata 'yar magana ce da ta haɗa ni da ƙanwata a daminar da ta wuce. Muna zaune a tsakar gidanmu da ke Unguwa Uku bayan sallar isha'i, tana ta latsa waya, sai ta ɗago kai ta ce da ni, "Yaya, ashe ni 'yar burujin Kunama ce? Wai an ce mu masu riƙo ne, ba mu iya yafiya ba." Na tambaye ta ko ta taɓa ganin wannan Kunamar da idonta. Ta yi dariya, ta ce ita a zatonta wani zane ne kawai da Turawa suka ƙaga. Alhali kuwa a daidai wannan lokacin Kunamar tana shimfiɗe a saman katangarmu ta kudu, da jan tauraronta a tsakiyar ƙirji, yana ƙyalli kamar garwashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ga yarinya ta yi saukar Alƙur'ani, tana kuma karatun boko, amma abin da ya iso gare ta daga ilmin taurari shi ne ɓangaren da shari'a ta hana, ɓangaren da ta halatta kuwa, wanda kakanta na wajen uba ya sani kamar yunwar cikinsa, ko labarinsa ba ta ji ba. Na san kuma ba ita kaɗai ba ce. Shi ya sa na ga ya dace in ba mai karatu tarihin wannan tauraro guda ɗaya, tun daga sunayen da mutanen da suka ba shi, da yadda ya shigo takardun malamanmu, har zuwa abin da na'urorin zamani suka gano game da shi, sannan in nuna inda za a tsaya a gan shi a nan Kano.

Daren da Malam Ya Nuna Mini Shi

Kakanmu, wanda kowa a gida ke kira Malam, Allah Ya ji ƙansa, almajiri ne kuma manomi. Yana da 'yar gona a wajejen Dawakin Kudu, yana kuma da wata tsohuwar takarda ta ajami a cikin gafakarsa, wadda yake dubawa idan an fara maganar shuka. Wani dare cikin marka, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, an yi ruwa da la'asar ya wanke sama tas, aka kuma ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit in ban da kukan kwaɗi da ƙugin manyan motoci daga titin Zariya. Muna kan tabarma a ƙofar zaure na hango wani tauraro da launinsa ya saɓa wa na sauran. Na ce, "Malam, wancan jan fa?"

Ya ce, "Kai ja'iri, ashe kana da ido. Wannan ai shi ne Ƙalbu, zuciyar Kunama." Sai ya kama hannuna ya bi da shi a kan sama: ga taurari uku a jere ta dama, ya ce goshinta ke nan, ga Ƙalbu da ƙananan taurari biyu sun sa shi a tsakiya, ga kuma jerin wasu sun gangara ƙasa sun lanƙwaso sama kamar ƙugiya, har zuwa biyu da ke manne da juna a ƙarshe, ya ce ƙarin da take harbi da shi ke nan. Tun daga wannan dare ban sake kallon kudu ban ga Kunama ba, domin tana cikin 'yan tsirarun rukunan taurari da suka yi kama da abin da aka raɗa musu sunansa.

Malam ya rasu ban kwafi takardar nan ba. Da na tashi nemanta bayan shekaru, na tarar gara ta riga ni. Abin da zan kawo a nan na tsinto shi ne daga baya, daga bakin dattawa da kuma karatu.

Sunansa a Bakin Al'ummomi

Abin mamaki na farko a tarihin wannan tauraro shi ne yadda al'ummomin da ke nesa da juna suka dace a kan kiransa zuciya. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun ga kunama a wannan rukuni tun dubban shekaru kafin Hijira, suka sanya jan tauraron a ƙirjinta. Mutanen Sin, waɗanda ba kunama suka gani a wurin ba, su ma sun kira masaukinsa da sunan zuciya, zuciyar wani dodo na tatsuniyoyinsu. Larabawa suka ce Ƙalbul Aƙrabi. Girkawa ne suka bi wata hanya, suka kira shi Antaris, ma'ana kishiyar Mirrihu ko mai kama da shi, saboda jansa yana sa a ɗauke shi a matsayin duniyar Mirrihu, musamman da yake ita ma takan ratsa ta kusa da shi lokaci-lokaci. Wannan suna na Girkawa shi ne ya tabbata a littattafan kimiyya na yau.

Wajen shekara ta 150 Miladiyya, masanin nan na birnin Iskandariyya, Baɗlaimusu, ya tsara jadawalin taurari sama da dubu a littafinsa da Larabawa suka sani da Almajisɗi, ya lissafa wannan tauraro cikin 'yan kaɗan da ya siffanta da ja. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Daga nan sai Abdurrahman as-Sufi, mutumin birnin Rayyu da ke ƙasar Farisa, wanda ya rayu daga 903 zuwa 986, ya sake bin taurarin nan da idonsa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ƙimar haskensu, ya fitar da littafinsa Suwarul Kawakibis Sabita a shekara ta 964. Babbar hidimar da ya yi ita ce haɗa ilmi biyu da a da suke tafiya dabam: lissafin Girkawa, da sunayen da Larabawan ƙauye suka gada daga iyayensu.

Su Larabawan ƙauye ba ruwansu da jadawali. Makiyaya ne, abin da ya dame su shi ne yaushe sanyi zai shigo, yaushe za a samu ruwa da ciyawa. Sun lura cewa kowane tauraro yana da lokacin da yake ɓacewa cikin hasken rana na wasu makonni, sannan wata asuba a hango shi ya ɓullo a gabas kafin gari ya waye. Wannan ɓullowa ita ce agogonsu na shekara. Ɓullowar Ƙalbu tana zuwa ne tare da shigowar tsananin sanyi, har sukan haɗa shi da wani farin tauraro na arewa, Nasrul Waƙi'i, su kira su Harrarani, wato masu sa haushi su biyu, domin idan suka fito tare da asuba sanyi kan kai inda karnuka ke kwana kuka. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 889, ya tattara irin wannan sani na Larabawa a littafinsa Kitabul Anwa'i.

Yadda Ya Shigo Takardun Malamanmu

Domin mai karatu ya gane matsayin Ƙalbu a wurin malamanmu, sai ya san abin da ake kira manzilolin wata. Wata yana kewaya sararin sama ne a cikin kwana 27 da 'yan awoyi, kowane dare yana matsawa gabas ya sauka kusa da wasu taurari dabam da na jiya, kamar fatake masu yada zango. An raba wannan hanya zango 28, kowane da sunansa. Alƙur'ani ya ambaci cewa Allah Ya ƙaddara wa wata masaukai, a Suratu Yunus aya ta 5, inda aka danganta hakan da sanin adadin shekaru da lissafi, da kuma Suratu Yasin aya ta 39. Kunama kaɗai ta ɗauki zango huɗu a lissafin Larabawa: Zubana, wato ƙahonninta, shi ne na 16, Iklilu, goshinta, na 17, Ƙalbu na 18, Shaula, ƙarinta, na 19.

Amfanin wannan lissafi ga manomi a bayyane yake. Watannin Musulunci suna zagayawa, azumin bana ya zo cikin zafi, bayan wasu shekaru ya zo cikin marka, saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Shuka kuwa ba ta bin wata, rana take bi. Sai aka ba kowane manzili kwana 13, aka ƙara wa Jabha kwana ɗaya ta zama 14, jimla ta tashi 365 daidai. Ta haka malami ya samu kalandar rana a cikin gafakarsa, ba tare da ya taɓa kalandar ibada ba.

Da wannan ilmi ya ƙetaro Sahara tare da sauran littattafai, malaman ƙasar Hausa suka ɗora shi a kan yanayinmu. Lissafin da ya yaɗu ya ba kowane lokaci taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Na kaka suka fara daga Sarfa suka ƙare da Ƙalbu. Na ɗari suka fara daga Shaula. Na bazara kuma a cikinsu ne ake samun Surayya, wadda Bahaushe ya riga ya sani da sunan Kaza da 'Ya'yanta. Ƙalbu ke nan shi ne mai rufe ƙofar kaka: kwanakinsa sukan faɗo wajejen Nuwamba zuwa farkon Disamba, an yanke dawa, ana kai amfani rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wani abin lura shi ne, a cikin kwanakin nan da ake kira nasa ba a ganinsa sam, domin rana ce ta sauka a zangonsa ta rufe shi da haskenta. Sai an shiga ƙarshen Disamba yake ɓullowa da asuba, lokacin da fita alwala ke zama jihadi.

Malamai sun mayar da jerin sunayen nan waƙa da Hausa cikin ajami domin almajirai su haddace, kamar yadda suka yi wa farillan alwala da sauran ilmomi. Baturen nan Mervyn Hiskett, wanda ya taɓa koyarwa a nan Kano, ya yi nazari a kan irin waɗannan waƙoƙi ya buga a shekara ta 1967. Ina kyautata zaton takardar Malam da gara ta ci tana cikin danginsu.

Akwai kuma waɗanda suka zurfafa fiye da buƙatar manomi. Mafi shahara shi ne Muhammadu bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya tafi aikin hajji ya zarce Masar, ya yi suna a ilmin lissafi da na hatimai, ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: littafinsa Ad-Durrul Manzum ya shafi ɗalasimai da duba ta hanyar taurari, ɓangaren da malamai da yawa suka yi inkarinsa. Bayan kusan ƙarni guda, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa Tanbihu Ahlil Fuhumi, yana gargaɗi a kan wajabcin nisantar masu rufa-ido da masu duba da taurari. Wannan ya nuna mana cewa muhawarar da ta taso a tsakar gidanmu tsohuwa ce a ƙasar nan.

Iyakar da Shari'a Ta Shata

A shekara ta 6 bayan Hijira, a Hudaibiyya, an yi ruwa da dare. Da aka idar da sallar asuba, Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani, wanda kuwa ya jingina shi ga faɗuwar tauraro kaza ya kafirce wa Ubangijinsa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, daga Zaidu bin Khalid al-Juhani. A gefe guda kuma, Suratun Nahli aya ta 16 ta ambaci shiryuwa da taurari cikin jerin ni'imomin Allah ga bayinSa.

Daga irin waɗannan nassoshi malamai, cikinsu har da Ibnu Rajab al-Hanbali wanda ya rasu a 1393, suka raba ilmin taurari gida biyu. Akwai ilmin tafiyarsu, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da hanya da yanayin shekara da shi. Wannan halal ne, har ma manyan masallatai a da sukan ɗauki masani na musamman domin tsayar da lokaci, kamar Ibnush Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Akwai kuma da'awar tasirinsu, wato cewa su ne ke ƙaddara halin mutum da arzikinsa da aurensa. Wannan shi ne abin hani. Idan Malam ya ce an shiga Ɗarfa, ruwa zai yi yawa in Allah Ya so, alama yake karantawa, kamar wanda ya ga hadari ya kwashe shanya. Wanda ya ce da ƙanwata ba ta iya yafiya ba saboda watan da aka haife ta, shi ya yi da'awar gaibu, ya kuma ba ta uzurin zama da mugun hali.

Wani ƙarin abin dariya shi ne, ko a ma'aunin su kansu masu buruji lissafin ya goce. An tsara kwanakin burujai ne kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin wata 'yar layi da duniya ke yi a hankali, kamar katantanwar yara idan ta kusa faɗuwa, ta gusar da su da kusan wata guda. Suna cewa ɗan Kunama shi ne wanda aka haifa daga wajen 23 ga Oktoba zuwa 21 ga Nuwamba, alhali a zamaninmu rana ba ta shiga rukunin taurarin Kunama sai wajen 23 ga Nuwamba, kuma mako guda kacal take yi a ciki.

Mene Ne Shi a Haƙiƙa?

Duk tsawon ƙarnukan nan ba wanda ya san dalilin jansa. Amsar kuwa tana maƙera. Wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeri ya san ƙarfe idan ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, idan aka ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa, idan zafi ya kai matuƙa ya yi fari. Haka taurari suke. Zafin fuskar ranarmu ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, na Ƙalbu kuwa bai wuce wajen 3,400 ba. Jan nan da ke sa a zaci ya fi kowa zafi, shaida ce ta cewa fuskarsa ta fi ta rana sanyi.

To, idan haka ne, me ya sa yake cikin taurari goma sha biyar ko sha shida mafi haske a sama, duk da nisansa? Girma ne. Masana sun ƙiyasta faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 700. Idan ka ɗauki lemon zaƙi guda daga kasuwar 'Yan Lemo ka ce shi ne rana, to Ƙalbu zai zama ƙwallon da faɗinsa ya kai kusan rabin tsawon filin wasa. Da za a ɗauke rana a ajiye shi a gurbinta, da ya haɗiye duniyarmu da Mirrihu duka, da saura. Hasken da yake fitarwa wanda ido ke iya gani ya ninka na rana wajen sau dubu goma. Irin wannan tauraro shi masana ke sanyawa a ajin jibga-jibgan jajayen taurari.

Wannan kumburi alamar tsufa ce. Tauraro yana rayuwa ne ta hanyar narka iskar haidurojin a cikin cibiyarsa. Mai nauyi ƙwarai, kamar Ƙalbu da ya ninka nauyin rana fiye da sau goma, yakan cinye guzurinsa da gaggawa. Ranarmu ta shekara kimanin biliyan huɗu da rabi tana ci a hankali, shi kuwa shekarunsa ba su kai miliyan ashirin ba amma har ya ƙarar da haidurojin na cibiyarsa, ya koma ƙona abin da ya fi shi nauyi, jikinsa na waje ya buɗe ya huce. Haskensa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan ɗan ƙaru ya ɗan ragu. Masana suna sa ran ƙarshensa fashewa ce mai tsanani da suke kira sufanoba, ko da yake ba mai iya yanke mata rana. An taɓa ganin irinta a shekara ta 1054, lokacin da wani sabon tauraro ya bayyana har ana ganinsa da rana tsaka na tsawon kwana 23 kamar yadda masanan Sin suka rubuta; likitan nan ɗan Bagadaza, Ibnu Buɗlan, shi ma ya ambace shi.

Ƙalbu ba shi kaɗai yake ba. A shekara ta 1819, a birnin Biyana, wani masani mai suna Johann Tobias Bürg yana kallon yadda wata ya rufe tauraron, sai ya ga wani ɗan ƙaramin haske ya riga fitowa daga bayan wata da 'yan daƙiƙoƙi kafin babban ya bayyana. Ashe wani tauraro ne mai launin shuɗi-shuɗi da ke tare da shi, hasken babban ya danne shi. A shekara ta 2017 kuma, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Keiichi Ohnaka suka haɗa ƙarfin manyan na'urorin hangen nesa da ke dutsen Paranal a ƙasar Chile, suka fitar da hoton fuskarsa, aka ga iskar da ke kansa tana tafasa, wani sashe na tasowa wani na nutsewa.

Hasken Zamanin Rumfa

Ga abin da ya fi taɓa ni a duk labarin nan. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga wata zuwa nan bai fi daƙiƙa ɗaya da ɗoriya ba, daga rana kuwa minti takwas da 'yan kai. Daga Ƙalbu, bisa ƙiyasin masana, sai ya yi shekara wajen 550 yana tafe. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: hasken da zai shiga idonsa a daren yau ya baro can ne wajejen shekarun 1470, lokacin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Wato sa'ad da wannan haske ya kamo hanya, zamanin da aka gina Gidan Rumfa ne, aka kafa Kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwa. Yana cikin tafiya Shehu Magili ya sauka Kano wajen 1492 ya rubuta wa Sarki nasihar mulki. Yana tafe al-Kashnawi ya bar Katsina, yana tafe aka yi jihadi a 1804, yana tafe Turawa suka shiga Kano a 1903. Yana tafe gari ya tsallake ganuwa ya malalo kudu, gonaki suka zama Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku. Duk wannan tafiya ya yi ta ne kafin ya sauka a kan tabarmar da muke zaune, sannan mu kuma mu kasa ɗaga kai saboda waya.

Yadda Za Ka Gan Shi

Allah Ya yi mana gata a nan Kano. Mutumin Landan ba ya samun Ƙalbu sama da digiri 12 daga ƙasa, yana fama da gine-gine da hazo. Mu kuwa yakan hau mana har digiri 51 da ɗoriya, fiye da rabin hanya zuwa tsakar ka, kuma Kunamar gaba ɗayanta takan fito har ƙarinta.

Kudu za ka fuskanta. Idan kana Unguwa Uku, ka juya wajen Na'ibawa, inda titin Zariya ya miƙa. Ko kuma ka tsaya kamar za ka yi salla, sannan ka juya hannun dama. A farkon Yuni yana fitowa daga kudu maso gabas da magariba, ya kai ƙololuwarsa da tsakar dare, ya kwana ana ganinsa. Kowane dare yana riga jiya da kimanin minti huɗu, wato awa biyu a wata. Saboda haka a ƙarshen Yuli da farkon Agusta, da an fito daga sallar isha'i za ka same shi tsaye a kudu sosai, kuma wannan ne lokaci mafi daɗin kallo, musamman daren da ruwa ya wanke ƙura. A Oktoba ya karkata yamma yana bin rana, a Nuwamba ya ɓace. Daga Janairu zuwa Afrilu kuma na masu sammakon masallaci ne, kafin ketowar alfijir.

Kada ka rikita shi da Mirrihu: tauraro yana ƙyaftawa, ita kuwa haskenta a tsaye yake, kuma ba ta da ƙananan taurari biyu a gefe da gefe. Wata ma yakan taimaka, domin sau ɗaya a kowane zagayensa yakan yada zango kusa da shi. Fitilun tasha da na shaguna suna kashe ƙananan taurarin jelar, don haka ka nemi lungu mai duhu, ka ajiye waya, ka ba idonka kamar minti goma ya saba.

Idan kuma cikin hunturu ka ga wani jan tauraro kusan a tsakar ka da daddare, wannan ɗan'uwansa ne a aji, Yadul Jauza'i, wanda Turawa ke kira Betelgeuse bayan masu kwafe sun karanta harafin ya'un a matsayin ba'un. Shi ne wanda ya dushe ƙwarai daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 har aka yi ta zaton zai fashe, daga baya aka gano ƙura ce da ya fesar ta kare shi. Su biyun sun raba shekara: idan ɗaya yana sama sosai, ɗayan yana ƙarƙashin ƙasa.

Kammalawa

A daren nan na ce da ƙanwata ta kife wayar ta taso. Na kama hannunta kamar yadda Malam ya kama nawa, na bi da shi daga goshi zuwa zuciya zuwa ƙari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, wallahi kunama ce sak." Na ce da ita wannan halitta ce irinmu, tana da farko tana da ƙarshe, ba ta san an haife ki ba balle ta hana ki yafiya. Washegari ita ta tuna mini mu fito.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, wanda yake da dattijo a gida ko a unguwa da ya san sunayen manzilolin nan, ya je ya zauna gabansa da takarda da alƙalami tun yana raye. Wanda ya gaji gafaka ya buɗe ta ya ɗauki hoton abin da ke ciki kafin gara ta riga shi, kamar yadda ta riga ni. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ƙara mana ilmi mai amfani.